Haƙori Ya Tura Haƙori: Yadda Giya Ke Ɗaukar Juyi Ta Sauya Gudunsa

Ina da wani tsohon agogon bango, irin wanda ba ya amfani da batir, sai an murɗa masa makulli sannan ya yi aiki, kuma da ya daina tafiya sai na yanke shawarar buɗe shi da kaina maimakon in jefar da shi. Da na zare hannuwansa biyu, na ɗaga fuskar da aka rubuta lambobi a kanta, sai na tarar da wasu ƙananan fayafai huɗu na tagulla, kowanne da haƙora a kewayensa, sun ciji juna. Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya ita ce, sanda ɗaya ce ke fitowa daga cikin agogon, tana juyawa sau ɗaya a awa, to ta yaya take tafiyar da hannu biyu, dogon ya kewaya sau 12 kafin gajeren ya kewaya sau ɗaya? Amsar tana jikin fayafan nan huɗu, kuma ban same ta ba sai da na ɗauki allura, na ɗiga tawada a kan haƙori guda don kada in ɓata ƙidaya, na ƙirga haƙoransu ɗaya bayan ɗaya: 10, 30, 8 da 32.

Kafin in koma kan waɗannan lambobi, ya kamata in daidaita kalma. A bakin yawancin mutane, giya ita ce abin da direba ke sakawa idan ya taka kuloci ya tura liba, lamba ɗaya ko lamba biyu ko ribas. Amma liba zaɓi kawai take yi, aikin kansa yana cikin akwatin da ke ƙarƙashinta, inda fayafai na ƙarfe masu haƙora suke cije da juna, wannan na juya wancan. Kowane ɗaya daga cikinsu zan kira shi faifai, idan kuma an haɗa biyu ko fiye domin su ɗauki juyi daga wata sanda su kai wa wata, zan kira su jerin giya. Abin da ke bayan fuskar agogona jerin giya ne, haka na cikin mota, haka na cikin injin ɗaga kaya, kuma doka ɗaya ce ke tafiyar da su duka.

Dokar ita ce, duk lokacin da haƙori ɗaya na faifai mai turawa ya wuce mahaɗa, to haƙori ɗaya tak na faifan da ake turawa ya wuce tare da shi, ba ƙari ba ragi. Da a ce fayafan sumul suke, kamar tayoyi biyu da aka matse da juna, da za su juya juna muddin kayan ba su yi nauyi ba, amma da zarar nauyi ya ƙaru sai ɗaya ya riƙa zamewa a jikin ɗan'uwansa, lissafi ya lalace. Haƙora ne suka hana wannan zamewa, su ne kuma suka mayar da al'amarin ya zama na ƙidaya. Mu ɗauki faifai mai haƙora 10 yana tura mai haƙora 30. Idan ƙaramin ya kewaya sau ɗaya, haƙora 10 ne suka wuce, wato babban ya yi sulusin kewaye ke nan, kuma sai ƙaramin ya kewaya sau 3 kafin babban ya cika kewaye guda. An rage gudu ninki 3. Idan kuwa babban ne mai turawa, kewayensa guda zai tura haƙora 30, ƙaramin ya kewaya sau 3, gudu ya ƙaru ninki 3. Lissafin duka bai wuce raba adadin haƙoran wanda ake turawa da adadin haƙoran mai turawa ba. Abu na biyu da ido ke gani nan take shi ne, fayafai biyu da suka ciji juna ba sa juyawa ɓangare ɗaya: idan wannan ya bi hannun agogo, wancan zai saɓa masa.

Inda na ga ana yawan kuskure shi ne batun ƙarfi. Akan ce giya lamba ɗaya tana ƙara wa mota ƙarfi, kamar dai akwai wani ƙarfi da aka ajiye a cikin akwatin giya wanda ake buɗewa idan an zo hawan tudu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma giya ba ta ƙirƙirar komai, musaya kawai take yi. Duk wanda ya taɓa kwance noti mai taurin kai ya san cewa idan gajeren sifana ya gaza, akan zura masa bututu a ƙara masa tsawo, sai notin ya motsa da ƙarfin hannun da ya gaza ɗazu. Hannun bai ƙara ƙarfi ba, nisan da ke tsakaninsa da notin ne ya ƙaru, kuma abin da aka biya shi ne yanzu hannun yana yin doguwar tafiya kafin notin ya juya kaɗan. Kowane haƙori a jikin faifai kamar ƙarshen sifana yake. A mahaɗar fayafan nan biyu, turin da ƙaramin ke yi shi ne turin da babban ke karɓa, sai dai haƙorin babban ya fi nisa daga tsakiyar sandarsa ninki 3, saboda haka ƙarfin murɗawar da ke fita a sandarsa ya ninka sau 3. Gudu ya ragu ninki 3, ƙarfin murɗawa ya ƙaru ninki 3, idan aka ninka wannan da wancan sai a koma inda aka fara. A nan taura biyu ba ta taunuwa. Hasali ma ba a komawa inda aka fara cif, domin haƙora suna gogar juna, kuma ko fayafai biyu masu kyawun ƙira da isasshen mai kusan kashi 98 cikin 100 na abin da aka ba su suke isarwa, sauran ya tafi a zafi da ƙara.

Injin mota yana da wata ɗabi'a da ta tilasta wannan musaya, wato ba ya iya aiki a hankali. Idan juyinsa ya faɗi ƙasa da ɗaruruwa kaɗan a minti sai ya mutu, kuma ainihin ƙarfinsa ba ya fitowa sai juyin ya kai dubbai, alhali taya daga tsaye take farawa, ga nauyin mota gaba ɗaya a kanta. Mu ƙaddara inji yana juyi 3,000 a minti, giya lamba ɗaya tana rage gudu ninki 3.5, sannan akwai wani ragi na dindindin kusa da tayoyi, ninki 4, wanda direba ba ya taɓawa. Idan aka ninka 3.5 da 4 za a sami 14, wato sai inji ya juya sau 14 taya ta juya sau ɗaya, juyi 214 ke nan a minti. Idan kewayen tayar mita 2 ne, motar tana tafiyar kimanin kilomita 26 a awa, amma ƙarfin murɗawar da ke isa ga tayoyi ya ninka na injin kusan sau 14. A giya lamba biyar, inda rabon yakan kasance kamar 0.8, jimillar ta koma 3.2, taya tana juyi kusan 938 a minti, motar tana tafiyar kimanin kilomita 112 a awa. Injin bai canza komai ba, juyinsa 3,000 ne a duka biyun, amma ƙarfin da ke taya yanzu bai kai rubu'in na lamba ɗaya ba, shi ya sa wanda ya gwada tayar da mota daga tsaye a lamba biyar zai ji ta yi karkarwa ta mutu.

Keke ya fi mota nuna wannan a fili, domin cinyar mahayi ita ce injin, ita ce kuma ke jin musayar. Idan faifan feda yana da haƙora 44, na tayar baya kuma 22, kewayen feda guda zai juya taya sau 2, idan aka sauya zuwa mai haƙora 11 zai juya ta sau 4, amma ƙafa za ta ji nauyin ya ninka. Kaca ba ta sauya dokar ƙidaya, bambancinta kawai shi ne fayafan da ta haɗa ɓangare ɗaya suke juyawa.

To idan aka saka faifai na uku tsakanin mai haƙora 10 da mai haƙora 30 fa? Na daɗe ina zaton girman na tsakiyar zai shiga lissafi, ashe ba ya shiga ko kaɗan. Ko haƙoransa 15 ne ko 50, idan na farko ya tura masa haƙora 10, shi ma haƙora 10 zai tura wa na ƙarshe, rabon yana nan 3. Ɗan aike ne, abin da aka ba shi yake kaiwa. Amfaninsa biyu ne: yana cike tazara idan sanduna sun yi nisa da juna, yana kuma juya alkiblar juyi, ta yadda na farko da na ƙarshe za su bi ɓangare ɗaya. Ribas a motar da ake saka wa giya da hannu ba wani abu ba ne illa wannan ɗan aike, wanda ake ƙarawa a cikin jerin don sandar da ke fita ta juya baya alhali inji yana ci gaba da juyinsa na kullum.

Abin da ke sauya lissafi shi ne a ɗaure fayafai biyu, babba da ƙarami, a kan sanda ɗaya, ta yadda dole su juya tare, babban ya karɓi juyi daga baya, ƙaramin ya miƙa shi gaba. A nan rabon mataki na farko da na mataki na biyu ninka juna suke yi, kuma sirrin agogona ke nan. Faifai mai haƙora 10 yana kan sandar dogon hannu, yana tura mai haƙora 30, ragi ninki 3. Mai haƙora 8 yana manne da mai 30, yana tura mai haƙora 32, ragi ninki 4, kuma a jikin wannan mai 32 ne gajeren hannu yake. Ninki 3 sau ninki 4 ya ba da 12. Akwai wata ƙaramar hikima da ban lura da ita ba sai da na rubuta lambobin a takarda: 10 da 30 sun haɗu 40, 8 da 32 ma sun haɗu 40. Tunda girman haƙoran ɗaya ne, tazarar fita daga tsakiyar agogo zuwa sandar gefe daidai take da tazarar dawowa, saboda haka faifan ƙarshe ya dawo ya zauna a kan tsakiyar da aka fara, da ɗan bututu a jikinsa wanda sandar dogon hannu ta ratsa ta ciki. Juyin ya saɓa sau biyu, saɓani biyu kuwa komawa ne kan alkiblar farko, shi ya sa hannuwan suke bin ɓangare ɗaya.

Ba don wannan ninkawa ba, da na'urori da yawa ba su ƙeru ba. Tsakanin hannun minti da hannun daƙiƙa rabon 60 ne, kuma da za a yi shi a mataki ɗaya da ƙaramin faifai mai haƙora 8, sai an nemi babba mai haƙora 480, wanda ba zai shiga agogon hannu ba. Masu ƙera agogo sukan raba shi gida biyu, 64 da 8 ya ba da 8, 60 da 8 ya ba da 7.5, ninkinsu 60.

Dabarar kuma ba sabuwa ba ce. A shekarar 1901 masu nutso suka tsamo wani dunƙulen tagulla da ruwan gishiri ya cinye daga wani jirgi da ya nutse kusa da tsibirin Antikitera na ƙasar Girka, daga baya aka gane cewa na'ura ce ta lissafin tafiyar rana da wata, wadda aka ƙera fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Fayafai 30 ne suka saura a cikin gutsattsarinta, waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na birnin Atens, haƙoransu masu kusurwa uku ne, da hannu aka yanka su. Masana taurari na wancan zamani sun san cewa a cikin shekara 19 ana ganin sabon wata sau 235, kuma a wannan tsawon lokaci wata yana kewaya sararin sama, idan aka auna shi da taurari, sau 254. Maƙerin yana son allura ɗaya ta nuna rana, tana kewayawa sau ɗaya a shekara, wata allurar ta nuna wata, don haka dole ya sami jerin da zai ba shi 254 bisa 19 ba kusan ba. Abin da ya yi shi ne, mai haƙora 64 ya tura mai 38, abokin sandar wannan mai 48 ya tura mai 24, abokin sandar wannan kuma mai 127 ya tura mai 32. Duk wanda ya ninka waɗannan matakai uku zai sami 254 bisa 19 daidai, wato kewaye 13 da ɗan ɗori a shekara. Lambar 19 tana ɓoye a cikin 38, ita kuwa 127 rabin 254 ce, kuma lamba ce da ba ta rabuwa da kowace lamba, saboda haka babu wata hanya illa mutum ya zauna ya raba kewayen ƙaramin faifai gida 127 daidai da juna ya yanka. Duk lokacin da na tuna wahalar da na sha wajen ƙirga haƙora 32 kawai, sai in ƙara ganin girman wannan maƙeri da ba a ma san sunansa ba.

Ilimin bai ɓace gaba ɗaya ba bayansa. Wajen shekarar 1000, Abu Raihan al-Biruni ya bayyana wata na'urar kalanda mai fayafai 8 da ke nuna kwanan wata da matsayin rana, kuma akwai wata na'urar auna taurari mai jerin giya a cikinta da Muhammad ibn Abi Bakr ya ƙera a Isfahan a farkon shekarun 1220, wadda har yau tana nan a wani gidan tarihi a birnin Oxford na Ingila.

Haƙori mai kusurwa uku ya isa ga na'urar da ake juyawa da yatsa, amma ba zai yi a cikin inji ba, domin ƙidaya daidai ba ta nufin tafiya sumul. Idan siffar haƙori ba ta dace ba, faifan da ake turawa zai ɗan yi sauri ya ɗan yi jinkiri a cikin wucewar kowane haƙori, kuma a juyi dubbai a minti wannan ƙaramar fizga ita ce ke zama jijjiga da ƙara da karyewa. Siffar da ake amfani da ita a yawancin injunan yau tana da sauƙin zanawa. A nannaɗa zare a jikin gwangwani, a ɗaura fensir a ƙarshensa, a riƙa warware zaren yana miƙe, layin da fensirin ya zana shi ne gefen haƙorin. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya yi nazarin wannan siffa a ƙarni na 18, kuma falalarta ita ce rabon gudu ba ya motsi daga shigar haƙori har fitarsa, ko da tazarar sandunan biyu ta ɗan kauce daga yadda aka tsara. Sharaɗin dai shi ne haƙoran fayafan biyu su zama girma ɗaya. Injiniyoyi suna auna wannan girma ta hanyar raba faɗin faifai a milimita da adadin haƙoransa, ta yadda faifai mai faɗin milimita 60 da haƙora 30 zai ciji mai milimita 20 da haƙora 10, tunda duka biyun amsarsu 2 ce. Akan kuma bar ɗan sarari tsakanin haƙora da gangan, domin mai ya sami wurin shiga, ƙarfe kuma ya sami wurin buɗewa idan ya yi zafi, kuma wannan sarari ne ake ji kamar ɗan wasa idan aka juya faifai gaba aka dawo da shi baya.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda injiniyoyi ke guje wa lambobi masu rabuwa da juna idan sun sami dama. A haɗin 10 da 30, kowane haƙori na ƙaramin faifai haƙora 3 kaɗai yake haɗuwa da su a jikin babban, su ne dai kullum, saboda haka idan yana da wani aibi, waɗannan ukun zai yi ta ci har su lalace. Da an mayar da babban 31, da kowane haƙori zai zaga ya gaisa da kowane haƙori, cin ya rarrabu daidai. Dalilin da ya sa ake ganin lambobi irin su 41 da 11 a giyar ƙarshe ta wasu motoci ke nan. Agogo ba shi da wannan gata, domin 12 yake so cif, amma shi ba ya ɗaukar nauyin da zai cinye haƙori da wuri.

Haƙoran fayafan agogo a miƙe suke, suna haɗuwa gaba ɗaya lokaci guda, abin da ke jawo kuka idan gudu ya yi yawa. A akwatin giyar mota ana yanka haƙoran a karkace, ta yadda kowanne zai fara taɓa ɗan'uwansa daga gefe guda ya shiga a hankali, ƙara ta ragu, sai dai karkacewar tana tura faifai ta gefe a tsawon sanda, dole a tanadi abin da zai tare wannan turi. Wasu sukan haɗa karkacewa biyu masu fuskantar juna don turin ya kashe kansa, kuma daga wannan siffa ce tambarin motocin Citroën ya samo asali. Kukan da ake ji idan mota tana tafiya da baya, a motoci da yawa, daga miƙaƙƙun haƙoran giyar ribas yake fitowa. Ƙarar gurzawa da ake ji idan direba ya saka giya bai taka kuloci sosai ba kuwa, ba manyan fayafan ne ke karo ba, domin na giyoyin gaba kullum a cije suke da juna, suna juyawa a sake a kan sanda. Liba wani ƙaramin zobe take turawa ya kulle faifan da aka zaɓa da sandar, kuma ƙananan haƙoran wannan kulli ne ke gurzawa idan gudun ɓangarorin biyu bai daidaita ba.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan sanduna masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ne. Idan ana son juyi ya sha kwana, akan yanka haƙora a jikin fayafai masu siffar mazurari, su haɗu a kusurwa, idan kuma ana son juyi ya koma tafiya miƙaƙƙiya, akan sa ƙaramin faifai ya tura doguwar sanda mai haƙora, kamar yadda sitiyarin yawancin ƙananan motoci yake. Wanda na fi ganin wayonsa shi ne wanda ake kira giyar tsutsa, wato sanda mai tiredi irin na noti da ke kwance a gefen faifai. Idan tiredin layi ɗaya ne, kewayen sandar guda haƙori ɗaya tak yake turawa, saboda haka faifai mai haƙora 40 zai ba da ragi ninki 40 a mataki guda. Ƙari a kan haka, idan tiredin bai karkace sosai ba, sandar tana iya juya faifan amma faifan ba ya iya juya sandar, abin da ya sa makullin ɗaure tsirkiyar jita ba ya warwarewa duk da jan da tsirkiyar ke yi masa. Kuɗin wannan kulli shi ne gogayya, domin irin wannan giya mai kulle kanta fiye da rabin abin da aka ba ta take ɓatarwa a zafi.

Akwai kuma jerin da sandunan wasu fayafansa su ma yawo suke yi. Faifai ɗaya yana tsakiya, ƙanana uku ko huɗu suna kewaye da shi, wani mariƙi ya haɗa sandunansu, sannan wani babban zobe mai haƙora ta ciki ya rufe su duka. Injiniyoyi sun kamanta shi da rana da duniyoyin da ke zaga ta. Mu ce na tsakiya yana da haƙora 24, masu kewayawa 24 kowanne, zoben 72. Idan aka riƙe mariƙin aka juya na tsakiya, masu kewayawa sun zama 'yan aike, zoben zai juya baya da ragi ninki 3, an sami ribas ke nan. Idan aka riƙe zoben aka saki mariƙin, ƙananan fayafan za su taka a cikin zoben su ja mariƙin gaba, amma ragin yanzu ninki 4 ne ba 3 ba, domin suna gudu daga gaban na tsakiya yayin da yake tura su, sai ya ƙara kewaye guda kafin mariƙin ya cika zagaye. Idan aka kulle kowane biyu daga cikin ukun, duka su juya kamar dunƙule ɗaya, ba ragi ba ƙari. Fayafan ba su taɓa rabuwa ba, abin da aka riƙe ne kawai ya sauya, kuma nauyin ya rabu a kan mahaɗa da yawa, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Motar Ford Model T ta 1908 da irin wannan jeri take sauya gudu, haka yawancin motoci masu saka giya da kansu, haka kekuna masu giya uku a cikin cibiyar tayar baya. Manyan fankokin samar da lantarki daga iska ma da yawansu da shi suke farawa, sai dai su ƙara gudu suke yi, daga juyi goma sha wani abu a minti zuwa kusan 1,500 da janareto ke buƙata.

Ciwon agogona bai wuce tsohon mai da ya bushe ya haɗu da ƙura ba, na wanke fayafan, na ɗiga sabon mai a bakin sanduna, ya ci gaba da bugawa. Amma wajen mayar da hannuwan na yi sakaci, na dasa gajeren a kan lamba 3 daidai alhali dogon yana kan lamba 6. Na yi kwana biyu ina kallonsa, duk lokacin da dogon ya kai 12 sai in ga gajeren ya tsaya tsakanin lambobi biyu, kuma kuskuren bai ƙaru ba bai ragu ba, tunda fayafan rabon 12 kawai suke kiyayewa, babu abin da ke gaya musu daga inda aka fara. Na sake zare hannuwan, na dasa su duka a kan 12, na juya dogon da yatsa ina ƙirga sau nawa zai hau kan gajeren kafin su dawo 12 tare. Na yi zaton sau 12 ne, sai na samu sau 11, kowace haɗuwa bayan minti 65 da 'yan daƙiƙoƙi, domin duk lokacin da dogon ya cika kewayensa sai ya tarar gajeren ya matsa gaba da tazarar lamba guda.